Satar 'Yan Haya a Tsibirin Yunari

Ranar Alhamis da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Ishigaki, aka ce an yi sata a tsibirin Yunari. Sufeto Kedashiro ya tambayi abin da aka sace. Muryar mace ta ce masa, "'Yan hayarmu, Yallaɓai. Kusan dukkansu."

Sufeto ya ajiye waya ya dubi teku ta taga. Duk da an haife shi a bakin ruwa, bai taɓa hawa jirgin ruwa ya sauka lafiya ba. Ya haɗiyi ƙwayar maganin jiri, ya ɗauki hularsa.

Matar da ta kira shi tana jiransa a tasha. Sunanta Kinuyo, ita ce mai kula da gandun bakin ruwa na yamma, inda aka hana kamun kifi da sare itace da kwasar yashi. Ta ga fuskarsa ta yi fari fat, ta miƙa masa gorar shayi mai sanyi.

"Sha, Yallaɓai. Kai ma ɗan tsibiri ne da suna kawai."

"Na gode. Su wane ne 'yan hayar?"

"Ƙaguwoyi."

Ba irin ƙaguwar da ake ci take nufi ba. Ƙanana ne, masu taushin baya, waɗanda ba a halicce su da gida ba. Kowace sai ta nemi ƙoƙon katantanwar teku da mai shi ya mutu, ta shige ciki da baya, ta riƙa yawo da shi. In ta yi ƙiba ta sake wani. Wanda ya yi haƙurin zama a yashi zai ga abin mamaki: idan sabon ƙoƙo ya samu, sai su yi layi daga babba zuwa ƙarama, babbar ta koma sabon gida, mai bi mata ta gaji nata, har a kai ga auta. Tsofaffin Yunari sun ce ita ce ta fara fitowa daga ramin ƙasa kafin ɗan Adam, shi ya sa suke kiranta yaya. Doka ma ta hana kama ta.

A hanya Kinuyo ta yi masa bayani. Da can baƙi sun kwashe ƙoƙuna sun kai gida tsaraba, har ƙaguwoyi suka koma shiga murfin kwalba. Gandun kuma ba shi da mai ciyar da shi, tallafin gwamnati ya zo bana ya ƙi zuwa baɗi. Sai ta fara karɓo ƙoƙunan banza daga gidajen abinci. Duk baƙon da ya sauka ya sayi ɗaya, a ɗiga masa fenti a kai, ya ajiye da hannunsa a yashi. Ya zama mai gida ke nan. Kowace shekara ya aiko da kuɗi, ita kuma ta aika masa da hoton wadda ke zaune a gidansa.

"Wato a nan mai gida ne ke biyan haya," in ji Sufeto.

"Kuma ba ya jinkiri. Da shi muke kwashe sharar da teku ke kawowa, mu sayi mai, mu gyara igiyar shinge. Albashina ma a ciki yake."

"To me ya sa ake gaggawa?"

"Jibi Asabar masu gidaje za su zo ganin 'yan hayarsu, jirgi guda. Da yamma kuma akwai taron gari. Wani kamfani yana son bakin ruwan ya gina otal. An ce in gandu ya iya ciyar da kansa a bar shi, in ya kasa a ba su." Ta juyo ta dube shi. "Kuma, Yallaɓai, in suna wurin da babu laima, ba za su kai Asabar ɗin ba."

Bakin ruwan yamma ya yi tsit. Yashi fari, inuwar itatuwan da ake kira adan, sai ƙaguwa ɗaya can tana jan murfin man goge baki ita kaɗai.

Sufeto ya bi gindin itatuwan a hankali. Ya tsaya a kan wani rami mai faɗin bokiti, gefensa sumul. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma. Ya durƙusa ya ɗebi yashin ciki ya shinshina.

"Dusa ce," ya ce. "An soya ta."

"Suna mutuwar son ƙanshinta."

"An binne bokiti har baki, an zuba dusa. Su faɗa, su kasa hawowa. Wa ya san haka?"

"Kowane yaro a garin nan ya sani. Mun yi wasa da shi kafin a hana."

Kusa da rami na ƙarshe ya ga wani abu kore a yashi. Ganyen ciyawa ne dogo, an ƙulla shi. Sufeto ya san shi tun yana goye. Duk wanda zai fita da abinci daga gida sai ya ɗora irin wannan ƙulli a kai, don kada iskokai su riga mai shi ɗanɗanawa. Amma wannan yana da madauki biyu, kamar kunnuwan zomo, kuma an datse bakinsa da haƙori. Ya sa shi a aljihun riga.

"Wa kike zargi?"

"Gari duk ya ce ɗalibin Tokyo ne da ya sauka gidan Kaka Nabi. Kullum yana yawo da jaka."

"Ke fa?"

"Ni ban yi barcin da zan yi zargi ba."

Gidan saukar baƙi na Kaka Nabi ɗakuna uku ne da akuya ɗaya. Ɗalibin, Horiuchi, yana zaune a baranda, fatar hancinsa duk ta saɓule da rana.

"Ka je bakin ruwan yamma a makon nan?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"Buɗe jakar."

Yaron ya buɗe. A ciki akwai safa guda cike da ƙoƙuna, biyu daga ciki da ɗigon fenti.

"Babu kowa a cikinsu, na rantse. Na leƙa. Ƙanwata ce ta ce in kawo mata."

Sufeto ya leƙa shi ma. Babu kowa. Ya ciro ƙullin ciyawar ya nuna masa.

"Mene ne wannan?"

"Abin ɗaure gashi?"

"Mayar da ƙoƙunan inda ka ɗauko su, yanzu. In ka ga Kinuyo ka ba ta haƙuri da bakinka."

Yaron ya fita da gudu. Kaka Nabi ta fito daga madafa da tire. Ta haura tamanin, bayanta ya lanƙwashe, amma muryarta tana kaiwa har tasha.

"Kai ne ɗan sandan? Ɗan wa ne kai?"

"Jikan Kedashiro mai gyaran raga ne, Kaka."

"Na san shi. Ya fi ka tsayi. To tunda ka zo, ni ma ina da ƙara. Mutanen maƙabarta sun hana ni sakat."

"Yaya aka yi?"

"Kullum da safe nake kai wa marigayi mijina shayi a kabarinsa. Shekara da shekaru bai ce mini uffan ba, yadda dai yake da ransa. Makon nan sai na fara jin motsi. Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana wanke kwanuka. Na ce masa, tsoho, da kana raye ba ka taɓa wanke ko cokali ba, sai yanzu?"

Sufeto ya yi murmushi. Hankalinsa yana kan dusa. Ya ce zai duba.

"Haka kakanka ma yake cewa," in ji ta. Ta naɗe masa fanke huɗu a takarda, ta tsinko ciyawa a bakin ƙofa ta ƙulla ta ɗora a kai. Madauki ɗaya ne.

Ya daɗe yana kallon ƙullin a hanya. Daga nan ya yanke shawarar zama mayunwaci, don ya ga ƙullin kowane gida.

Zenpuku, mai sayar da tikitin jirgi, shi ne kan gaba a masu son otal. Babban mutum ne mai jan ido. Bai bari Sufeto ya zauna ba ya fara.

"Na san abin da ya kawo ka. E, ina son otal. Makarantarmu saura yara nawa? Ƙaguwa ce za ta auri 'ya'yanmu?"

"Kana da bokitai?"

"Wa ba shi da bokiti?"

"Ina kake zuwa bayan an rufe tasha?"

"Gida. In kwanta."

Matarsa ta leƙo daga labule. "Gidan wa?"

"Ke, ana maganar hukuma."

"Yallaɓai, rumfar kwale-kwale yake zuwa. Likita ya hana shi shan giyar awamori, sai ya kai kwalbar can ya ɓoye a cikin taya. Yana tsammani ban sani ba. Mutumin da ba ya iya sunkuyawa ya ɗaure takalmi, shi ne zai haƙa rami?"

Zenpuku ya dubi rufin ɗaki. Sufeto ya shafa cikinsa, ya ce tun safe bai ci komai ba. Nan take matar ta haɗo masa curin shinkafa biyu. Ta yagi ganyen ayaba siriri ta ƙulla ta ɗora. Madauki ɗaya, kuma ba ciyawa ba ce.

"Wa ke sayen dusa a garin nan?" ya tambaya a bakin ƙofa.

"Duk mai akuya," in ji Zenpuku. "Gida biyar ko shida. Eikichi ne mai yawa. Amma kada ka ɓata lokacinka, shi ne ke ɗauko wa Kinuyo buhunan ƙoƙo daga tasha kyauta. Ya fi ta son ƙwarin nan."

Washegari Juma'a Sufeto ya zaga gidajen masu awaki. A kowane gida ya yi tambaya biyu, ya yi ƙorafin yunwa sau ɗaya. Kafin azahar jakarsa ta cika da dafaffen ƙwai da soyayyen kifi da ayaba, aljihunsa kuma da ƙulle-ƙulle. Yara suka fara binsa suna cewa ga ɗan sanda mai cin gari.

Gidan Eikichi ne na ƙarshe, can gefen gonar rake. Dattijo ne siriri, matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana tuƙin babbar mota a Osaka. Sufeto ya same shi yana dafa dankali a wata babbar tukunya.

"Sannu da aiki, Baba. Biki ake yi?"

"Na awaki ne."

"Awakinka 'yan gata ne. Namu ɗanye suke ci."

"Sun tsufa. Haƙori."

"Ka ji abin da ya faru a bakin ruwa?"

"Na ji. Baƙi ne. Ba su da tsoron komai."

"Yaushe rabonka da can?"

"Ya yi wata guda. Gwiwa ta hana ni."

A jikin garke akwai ƙusoshi jere inda ake rataye bokitai. Inuwar kowane bokiti ta fito a jikin katakon da rana ba ta ci ba, amma bokiti ɗaya ne kawai a rataye. A ƙasa kuma ga kwando cike da 'ya'yan adan nunannu, masu kama da abarba. Sufeto ya san akuya ba ta damu da su ba. Ya kuma san a ina itacen ya fi yawa.

"Baba, ko za ka sammini dankalin nan? Ƙanshinsa ya kama ni."

Eikichi ya tsamo biyu ya naɗe a jarida. Ya miƙa hannu ya tsinko ciyawa daga damin awaki. Yatsunsa suka yi aikinsu shi yana kallon wani wuri. Madauki ɗaya, madauki na biyu, sannan ya kai bakinsa ya datse.

Sufeto ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Sai da ya kai ƙofa maganar kwanukan Kaka Nabi ta faɗo masa a rai. Ya tsaya cak. Sannan ya juyo.

"Baba, raka ni maƙabarta. Ka ɗauko tukunyar, kada su ji yunwa."

Dattijon bai tambayi su wa ba. Ya kashe wuta, ya ɗauki tsumma ya kama tukunyar.

Kaburburan Yunari ɗakuna ne na dutse a jikin tudu, kowane dangi da nasa, da ɗan fili a gaba inda ake zama a ci abinci da magabata ranar ziyara. Kusa da na mijin Kaka Nabi akwai wani da ciyawa ta rufe. Masu shi sun yi ƙaura zuwa Naha tun da daɗewa, sun tafi da ƙasusuwan mutanensu, suka bar ɗakin babu kowa.

Sufeto ya aika aka kira Kinuyo. Kaka Nabi ba a kira ta ba, amma ta riga kowa isa.

Tun daga filin ana jin sautin. Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ruwan sama a kan kwano daga nesa. A kan dutsen da ya toshe ƙofar an jera ƙulle-ƙullen ciyawa, wasu sun bushe, wasu ɗanyu, kowane da kunnuwa biyu.

Kinuyo ta kama hannun Kaka Nabi. Eikichi ya ajiye tukunya, ya sa kafaɗa ya gusar da dutsen.

Sanyi ya fito, da warin laima. Da idonsu ya saba da duhun, suka ga ƙasan ɗakin duk yana motsi. An shimfiɗa yashi mai danshi. Ga faranti na ruwan daɗi, ga wani na ruwan teku, ga ɓawon adan da aka cinye. Ƙoƙuna masu ɗigon ja da shuɗi da rawaya suna hawa kan juna, suna gangarowa. A wani lungu har an kafa layin canjin gida.

Kinuyo ta zauna a ƙasa inda take. Ta rufe fuska da hularta, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago, dariya take yi da hawaye.

"Sun yi ƙiba," ta ce. "Baba Eikichi, ka sace su kuma ka yi musu kiwo?"

Kaka Nabi ta leƙa, ta ja tsaki, ta juya wajen kabarin mijinta. "Ai na sani. Da ma ina za ka wanke kwano."

Sufeto ya ciro ƙullin da ya tsinta a bakin ruwa ya ajiye kusa da sauran.

"Me ya sa, Baba?"

Eikichi ya zauna a kan dutsen. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Ɗana ya bugo waya. Ya ce in otal ya zo zai dawo ya yi musu tuƙi. Jikata ta shiga makaranta, sau biyu na taɓa ganinta. Ina ɗauko buhunan nan daga tasha, ina cewa a raina, ƙaguwa ta samu gida a Yunari, ɗana bai samu ba."

"Sai ka ce bari masu gidaje su tarar da yashi babu kowa."

"Zuwa Lahadi kawai. In an gama taro in mayar da su."

"Da ka zuba su a teku mai zurfi, ko ka sayar wa masu fasa-ƙwauri, da ban same ka ba."

Dattijon ya ɗago ya dube shi kamar ya zage shi. "In kashe yayarmu? Yallaɓai, kai ba a yi maka tarbiyya ba ne?"

"Ƙullin fa?"

"Zan wuce da su ta gaban matattu. Ba a wucewa da mai rai haka kawai." Ya dubi hannuwansa. "Irin na mahaifiyata ne. Ban ma san na yi ba."

"Ka san dokar da ta hana kama su?"

"Ni na kafa allon da aka rubuta ta."

Kafin la'asar rabin gari ya hallara da bokitai da kwanduna. Zenpuku ma ya zo, ya ce shi dai ba zai sunkuya ba amma zai riƙe. Horiuchi ya yi sawu ya fi kowa. Sufeto ya bar Eikichi ya ɗauki nasa bokitin, domin shi ya san waɗanda ke saɓa suna sake fata, waɗanda ba a so a taɓa su da ƙarfi.

A gindin adan aka karkata bokitan. Da farko babu wadda ta motsa. Sai wata mai ɗigon shuɗi ta fito da ƙafa ɗaya, ta taɓa yashi, ta tsaya kamar mai tuna wani abu, ta kama hanya. Sauran suka bi. Sautin ya bazu a bakin ruwan har ya haɗu da na igiyar ruwa, ba a iya rabe su.

"Gobe a taro za a yi maganar ɗanka," in ji Kinuyo. Ba ta dubi Eikichi ba. "Ba don kai ba. Don maganar gaskiya ce, kuma ba a taɓa faɗinta a zaure ba."

"Awakina fa?"

"Zan ba su dusa. Ɗanya."

Ranar Asabar jirgin safe ya iso cike da masu gidaje, da hulunan rana da kyamarori. Sufeto Kedashiro yana tsaye a gefen tasha da Eikichi, suna jiran a gama sauka. Ankwa tana aljihunsa, bai ga dalilin fito da ita ba. Kaka Nabi ta zo ta danƙa wa Eikichi ƙunshin fanke da ƙulli a kai, ta ce, "Ka gaya wa alƙali gaskiya, kada ka yi masa irin shirun nan naka."

Wata mata mai farar hula ta sauko, ta dubi hagu da dama, ta nufo dattijon da ta ga ya yi kama da ɗan gari.

"Baba, don Allah ina hanyar bakin ruwan yamma? Daga Kobe nake. Wannan ce tawa." Ta nuna masa hoto: ƙoƙo mai ɗigon ja biyu da ɗan tsagu a baki.

Eikichi ya karɓi hoton ya nisanta shi da idonsa.

"Ta tashi daga gidanki. Ranar Laraba ta koma wani babba."

Fuskar matar ta canja. "To gidan nawa fa?"

"Wata ƙarama ta shiga, mai faɗan tsiya. Ki nema ta a gindin adan na uku, ba ta son rana." Ya buɗe aljihu ya ciro gutsuren dankali ya sa mata a hannu. "Ki ba ta wannan. Ba ta cin ɓawo."

Matar ta yi ta godiya, ta bi sauran da sauri.

Sufeto ya haɗiyi ƙwayar maganinsa, ya taɓa gwiwar hannun dattijon.

"Mu je, Baba."

"Ka zauna a baya, Yallaɓai, kusa da ni," in ji Eikichi, yana hawa tsanin jirgin a hankali. "Can ne ba ya girgiza sosai."